Sakatar Jirgin Tasi'u

A bakin titin Shuwarin nake faci,
ƙarƙashin darbejiya, da famfo da kwanon ruwa.
Tsohon tib ɗin da na yar
shi Tasi'u ke tsincewa,
ya tsaga shi siri-siri da reza,
harshe a waje, ko kira ba ya amsawa.

Jirgi ya haɗa, mai saukar ungulu:
jiki na ɓargon kara, ƙafafu na tsinken tsintsiya,
farfela daga murfin bokitin fenti,
ya kankare ta har rana na ratsawa.
Sau ɗari da ashirin yake murɗa roba
sai ta yi ƙulli-ƙulli kamar hanjin kaza.
Tashi bai gagara ba.
Sakin ne ya gagara.

In ya ɗaga yatsa, yatsa ya shafi fiffike,
jirgi ya karkace ya faɗa kwanon facina.
In ya saki da gaggawa, ya ture shi.
In ya saki a hankali, ƙarfin ya tsiyaye
kamar ruwa a tafin mai gudu.
Ya ce, “Kawu, hannuna ne cikas.
Ina son mai riƙewa wanda ba ya rawar jiki.”

Ya soka ƙayar aduwa ta zama sakata,
ya ɗaura mata zare, ya ja daga nesa.
Jirgi ya biyo zaren a ƙasa
kamar akuyar da ake ja kasuwa.
Ya canza da sifok ɗin keke.
Roba ta danne shi, ya cije, ya ƙi zarewa.
Ya shafa man kaɗanya,
sai ya sulluɓe tun kafin a ce masa,
farfela ta doki ludayin Ladiyo mai kunu,
na biya kofi biyu da ban sha ba.

Kwana uku bai murɗa komai ba.

Ran kasuwa Baba Tanimu ya turo kekensa,
shi da ya ƙarar da gafiyoyin gonar rogo.
Ya tsuguna, ya juya abin da ɗan yatsa.
“Yaro, ka ɗora wa tsinke ɗaya aikin mutum biyu.
Tarko ba ya haka.
Mai ɗaukar nauyi daban,
mai jin taɓi daban.”
Ya karɓi kekensa, ya rage mini naira hamsin, ya wuce.

Da la'asar na ji ana bubbuga katako.
Ya lanƙwasa sifok, gajeren hannu da doguwar jela,
ya rataye shi a ƙusa yana lilo.
Gajeren hannu ya tokare fiffike,
jela ta sauko ta jingina da tsinken ashana.
Zare kuwa ya bi ta ƙarƙashin lanƙwasasshiyar ƙusa,
ja ya ƙare a katako, kada jirgi ya sani.
Duk fushin robar nan
ashana ɗaya ke rarrashi.

Ya ja da baya taku biyar.
Bai fizga ba, taɓawa ya yi,
kamar mai tada jariri.
Ashana ta fice, sifok ya kwanta da baya,
fiffike ya sami hanya ba kowa.
Fir-r-r, miƙe, ba karkata,
ya wuce kan Ladiyo, ya wuce reshen farko,
na ƙirga bakwai kafin ya gaji
ya sauka a rufin mai injin markaɗe.

Ni ina tsaye da tib a cikin ruwa,
kumfa na nuna mini huji, ban gani ba.
Yara sun ruga neman tsani.
Shi ko bai bi su ba.
Ya durƙusa yana laluben ashana a ƙasa,
ya ɗaga ta, ya kanne ido ɗaya.
“Ta ɗan yi jinkiri, Kawu.
Ara mini rezarka.”